Yadda za ka zaɓi kwikdiro kafin fitarka ta farko hawan dutse

Wanda ya koyi hawa a zauren atisaye, inda bango na katako ne kuma mariƙai na roba, ya saba tarar da komai a rataye. Yana hawa yana saƙala igiya a ƙarafan da ma'aikatan wurin suka riga suka ɗaure. A dutsen gaske ƙusoshi kawai za ka tarar, kowace da kunnenta na ƙarfe mai huda, an dasa su nesa da juna, mita biyu, uku, wani wurin fiye da haka. Abin da zai haɗa igiyarka da kunnen ƙusa kuwa, kai za ka zo da shi rataye a ɗamararka. Shi ne kwikdiro: karabina biyu, wato zobban alminiyum masu ƙofa, da gajeren madauri ɗinkakke a tsakaninsu. Ta sama ta shiga kunnen ƙusa, ta ƙasa ta karɓi igiya. In ƙafarka ta zame, kwikdiron da ka saƙala na ƙarshe shi zai tare ka.

Duk kwikdiron da ya ci gwajin hukuma yana da ƙarfin riƙe ka. Saboda haka sabon shiga ba ya buƙatar ɓata lokaci wajen neman mafi ƙarfi ko mafi sauƙin nauyi. Abin nema shi ne wanda zai yi maka biyayya a hannu lokacin da damtsenka ya cika, gumi ya jiƙa yatsu, ƙafa tana rawa. Zan riƙa kawo misali da wanda zai je kwazazzabon Todra a Maroko, kusan kilomita 15 daga garin Tinghir, wurin da ke da dutsen farar ƙasa mai kaushi da hanyoyi masu ƙusoshi tun daga na 'yan koyo har zuwa na gwanaye. Amma lissafin zai yi aiki a Kalymnos ta Girka, ko Geyikbayiri kusa da Antalya a Turkiyya, ko Waterval Boven a Afirka ta Kudu.

Mataki na 1: buɗe littafin hanyoyi kafin ka buɗe jaka

Kowane sanannen wurin hawa yana da littafinsa, mai hotunan bangon dutse da layuka a kai. Kusa da kowane layi za ka ga sunan hanya, da matakin wahalarta, da tsawonta, sau da yawa har da yawan ƙusoshinta. A Maroko, kamar Faransa da Girka da Turkiyya, ma'aunin Faransawa ake bi: 4, 5a, 5b, 5c, 6a, haka har sama. Ko da kana hawa 6a a zaure, ka tsaya tsakanin 4 da 5b a kwanakin farko, domin dutse ba shi da mariƙi mai launi da zai ce maka ga inda za ka sa hannu.

Zaɓi hanya mafi tsawo a cikin waɗanda kake da niyyar hawa, ka ƙirga ƙusoshinta. Ka ƙara biyu na sarƙar da ke can sama a ƙarshen hanya, inda ake saƙala igiya a sauko, sannan ka ƙara ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana, don yana yiwuwa ɗaya ya suɓuce maka ya faɗo, ko kuma an ƙara ƙusa a hanyar bayan an buga littafin. Hanya mai mita 20 zuwa 25 ba ta cika wuce ƙusa 8 zuwa 10 ba. Daga nan ne aka samo adadin da kowa ke faɗa wa ɗan koyo: guda 12. Ga yawancin hanyoyi masu hawa ɗaya, wato waɗanda ake kai ƙarshensu a tashi ɗaya a sauko, sun wadatar.

Inda lissafi ke canjawa shi ne wurare irin Kalymnos, inda akwai hanyoyi masu mita 35 zuwa 40, ana hawansu da igiya mai mita 80, kuma ƙusoshin kusa da juna suke. A can mutum na iya buƙatar 16 har zuwa 20. Amma ku biyu za ku je, kuma ɗaya ne ke hawa a lokaci guda, ɗayan yana ƙasa riƙe da igiya. In kowannenku na da 12, kun tara 24 ke nan, babu hanyar da za ta gagare ku. In kuɗi sun yi ƙaranci, kowa ya sayi 6 ko 8 ku haɗa. Sai dai kowa ya yi wa nasa alama, ɗan ɗigon jan farce ko salatif mai launi a bayan karabina, nesa da inda igiya ke gogawa. Kada a shafa komai a jikin madauri.

Mataki na 2: karanta abin da aka buga a jikin ƙarfen

Ɗauki karabina ka juya ta, ka dubi dogon ɓangaren da ke fuskantar ƙofa, wanda ake kira ƙashin baya. Akwai rubutu da aka zana a jiki. Ka nemi CE, alamar bin ƙa'idojin Tarayyar Turai, da lambobi huɗu a gefenta, da EN 12275, wato ƙa'idar Turai ta karabinar hawa. Wasu suna da tambarin UIAA, ƙungiyar mahaya tsaunuka ta duniya da aka kafa a Chamonix ta Faransa a 1932, mai ofis a Bern ta Suwizalan. Madauri kuma yana da ɗan ƙyalle ɗinke a jiki, ɗauke da EN 566, ƙa'idar madauri, da 22 kN, wato kilonyutan 22, ma'aunin ƙarfin da zai iya ɗauka.

Sai lambobi uku, kowace da zanenta. Ta farko tana tare da kibiya mai bin tsawon karabina: ƙarfinta ke nan idan ƙofa a rufe take kuma nauyi ya bi ta hanyar da ta dace. Ƙa'ida ta ce kada ya gaza 20 kN. Ta biyu tana tare da kibiya a gicciye, wato idan karabina ta juya nauyi ya faɗa kan ƙofa, mafi ƙaranci 7 kN. Ta uku tana tare da hoton karabina mai buɗaɗɗiyar ƙofa, ita ma 7 kN. Kilonyutan ɗaya ya yi kusan nauyin kilo 100.

Dubi tazarar da ke tsakanin 20 da 7. Igiyar hawa tana miƙewa ta shanye faɗuwa, kuma a gwajin hukuma mai tsanani, da nauyin kilo 80, ba a yarda ta mayar wa mai hawa fiye da 12 kN ba. Faɗuwar yau da kullum ba ta kusantar wannan. Amma karabinar kwikdiron da ka saƙala na ƙarshe tana ɗaukar ja biyu, na mai hawa da na mai riƙe igiya, jimilla kusan ninki ɗaya da rabi na abin da mai hawa ya ji ko ɗan fiye. Wannan bai kai ya taɓa 20 ba, amma mummunar faɗuwa a kan gajeriyar igiya tana iya kusantar 7. Shi ya sa karabina ba ta cika karyewa ba sai in ƙofarta ta buɗe, ko ta gicciye, ko hancinta, wato bakin da ƙofa ke rufewa a kai, ya maƙale a kunnen ƙusa, ko ta kwanta a kan gefen dutse nauyi ya lanƙwasa ta. Don haka bambancin 22 da 25 a lambar farko kada ya dame ka. In za ka kwatanta, lamba ta uku za ka duba: mai 9 ko 10 ta fi mai 7 ba ka rata.

Karabinar rataya makulli da ake sayarwa a bakin titi, da irin waɗanda ake tallatawa a intanet babu sunan kamfani babu takardar bayani, ba sa cikin wannan magana sam. Haka gwanjo. Ƙarfe ana iya duba shi da ido, amma madaurin da ya taɓa ruwan batir zai iya zama lafiya lau a gani alhali zarensa ya mutu, kuma mai sayarwa ba lallai ne shi ma ya sani ba. Araha ba ta ado, balle a abin da za ka rataya ranka a kai.

Mataki na 3: ƙofa da hanci

A nan ne ainihin zaɓin yake. Ƙofar karabina iri biyu ce. Akwai mai kauri, sandar alminiyum da sifirin a cikinta. Akwai kuma ta waya, lanƙwasasshiyar wayar ƙarfe wadda ita ce ƙofa ita ce kuma sifirin kanta. Ta waya ta fi sauƙin nauyi, ƙanƙara ba ta cika toshe ta ba, kuma da yake ba ta da nauyi, ba ta cika karkarwa ta buɗe na ɗan lokaci ba idan karabina ta bugi dutse ko igiya ta zuru da gudu. Wannan fa'ida ce ta gaske. Masu hawan tsaunukan ƙanƙara da masu doguwar tafiya da kaya a baya sun fi son ta.

Matsalar tana hanci, inda ƙofa ke haɗuwa da jikin karabina. Yawancin masu ƙofar waya suna da 'yar tsaga a hanci wadda wayar ke faɗawa ciki. Wannan tsaga tana kama duk abin da ta samu: madaukin ɗamararka lokacin da kake ƙoƙarin ciro kwikdiro da hannu ɗaya, kunnen ƙusa lokacin da kake ƙoƙarin cire shi, har igiya. Ka kwatanta kanka kana saukowa daga hanyar da ta ɗan rufo, igiya ta ja kwikdiro ta ɗame shi, kana lilo, kana murɗa karabina tana ƙin fita don tsagar ta ciji kunnen ƙusa. Abin da ya fi wannan muni shi ne ka saƙala da gaggawa, tsagar ta rataya a kan kunnen, ƙofa ba ta rufe ba, kai kuma ka wuce. Karabinar da ta rataya da hanci tana karyewa da nauyi ƙasa ƙwarai da ko wace lamba da aka buga a jikinta.

Maganin wannan shi ne hanci mai santsi, wanda ke shiga cikin ƙofa kamar makulli a kwaɗonsa, babu tsaga a waje. A kanti za ka ga an rubuta Keylock. Kusan duk karabina mai ƙofa mai kauri ta zamani haka take. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: karabinar sama, mai shiga kunnen ƙusa, lallai ta zama mai santsin hanci, da miƙaƙƙiyar ƙofa mai kauri. Ta ƙasa, mai karɓar igiya, kana da zaɓi. Ƙofa mai kauri wadda aka ɗan lanƙwasa tana yi wa igiya mazauni, kana danna ta da babban yatsa sai ta faɗa ciki da ƙara, ka ji a kunnenka cewa ta shiga. Ta waya ma tana aiki sosai a ƙasa, kuma kwikdiro mai haɗin gambiza, kauri a sama waya a ƙasa, ba shi da laifi ko kaɗan. Akwai masu ƙofar waya da aka rufe musu hanci, irin Helium na Wild Country, amma sun fi tsada, kuma ba a tafiyar farko ake buƙatarsu ba.

Lanƙwasasshiyar ƙofa ta igiya ce kaɗai. Ba a saƙala ta a ƙusa.

Sai girma. Ƙananan karabina masu sauƙin nauyi suna da kyau a hoto, amma ƙofarsu ba ta buɗewa sosai, kuma mai manyan yatsu zai riƙa cusa yatsa tare da igiya yana maƙalewa. Nemi cikakkiyar karabina wadda ƙofarta ke buɗewa wajen milimita 24 zuwa 27 a ɓangaren igiya. In kana da halin shiga kanti, ka roƙi guntun igiya, ka rataya kwikdiro, ka saƙala da dama, ka saƙala da hagu. Hannunka zai gaya maka abin da takardar talla ba za ta gaya maka ba. Wata ƙofar tauri gare ta, wata kuma laushinta ya yi yawa har ba ka jin rufewarta.

Mataki na 4: madauri

Madauri ko dai na nailan ne, mai faɗi da kauri, daga wajen milimita 16 zuwa 25, ko na Dyneema, wani zaren roba mai ƙarfin gaske, siriri, milimita 10 zuwa 12. Ƙarfinsu ɗaya a takarda, 22 kN. Amma mai faɗin ya fi dacewa da kai saboda dalilai uku da za ka gani da idonka tun ranar farko. Yana da tauri, ba ya murɗewa, don haka karabinar ƙasa tana tsayawa inda ka bar ta, ba ta juya maka baya lokacin da kake kawo igiya. Yana jure gogar dutse mai kaushi irin na Todra. Sannan yana da wurin kamawa. Ɗan koyo zai kai wani wuri ya ji hannu ya ƙare, ga kwikdiro a ƙusa amma igiya ba ta shiga ba. Kama madauri da hannu ɗaya ka saƙala da ɗayan ya fi faɗuwa da igiya a sake, kuma babu abin kunya a ciki. Siririn Dyneema yanka tafin hannu yake yi. Madauri ake kamawa fa, ba karabina ba, kuma ba a taɓa cusa yatsa a kunnen ƙusa.

Tsawo kuwa kusan kashi uku ne: gajere mai santimita 10 zuwa 12, matsakaici mai 17 ko 18, dogo mai 25. Gajere ya dace da hanya miƙaƙƙiya, da kuma ƙusoshin farko kusa da ƙasa, inda ko 'yan santimita na ƙarin faɗuwa suna da muhimmanci. Amma hanyoyi masu sauƙi, irin waɗanda za ka hau, su ne suka fi yawo: ƙusa a dama, ta gaba a hagu, ga tudu ga lungu. In duk kwikdironka gajeru ne, igiya za ta riƙa yin kwana a kowace ƙusa, kafin ka kai mita 20 ka ji kamar wani na janka ƙasa ta ƙugu. Matsakaici yana barin igiya ta miƙe. Yana kuma taimakawa inda ƙusa take sama da wani gefe, gajere zai sa karabinar ƙasa ta kwanta daidai kan kaifin dutsen, ko dutsen ya danne ƙofa ya buɗe ta.

Ga wanda zai sayi 12, zan ce 6 gajeru da 6 matsakaita, ko ma 4 da 8. In an ce tsawo ɗaya kawai zan ɗauka, na 17 zan ɗauka. A kan waɗannan ka ƙara guda ɗaya ko biyu masu miƙewa: madauki mai santimita 60 da aka ninka uku tsakanin karabina biyu, wanda ake warwarewa idan ƙusa ta yi nisa da layin hawa ko tana ƙarƙashin rumfar dutse. Irin wannan buɗaɗɗen madauki ba a sa masa roba, dalili yana zuwa.

Mataki na 5: nauyi da kuɗi

Cikakken kwikdiro yana da wajen giram 100, mara nauyi kuma wajen 70. A guda 12, bambancin giram 360 ne, bai kai ƙaramar robar ruwa ba. Ba shi zai hana ka kai sarƙa a 5a ba.

Kamfanonin da aka sani sun haɗa da Petzl na Faransa, Black Diamond na Amurka, DMM da ke Llanberis a Birtaniya, CAMP na Italiya, Edelrid na Jamus da Mammut na Suwizalan. Kowannensu na da samfuri mai rangwame da ake sayarwa a ƙunshi na 5 ko 6, kuma ƙunshi ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi. Djinn Axess na Petzl da HotForge na Black Diamond misalai ne na irin abin da na bayyana: manya, masu santsin hanci, masu jure wahala. Spirit Express na Petzl da Alpha Sport na DMM sun fi daɗin hannu, sun kuma fi tsada. Ƙarin kuɗin ya fi amfani in ka kai shi ga hular kwano, domin a dutse tsakuwa na faɗowa, wani lokaci awaki ne ma ke turo ta daga sama. In jirgi za ka bi, sa ƙarafan a jakar da za a auna, kada ka tsaya jayayya da masu bincike a kan jakar hannu.

Mataki na 6: duba haɗin da idonka, ɗaya bayan ɗaya

Madauri yana da madauki biyu. Na sama sakakke ne, karabina tana yawo a ciki, don kwikdiro ya riƙa motsi ba tare da ya murɗa karabinar a kunnen ƙusa ba. Na ƙasa matsattse ne, kuma akwai 'yar roba a ciki ko a kansa wadda ke riƙe karabinar igiya kada ta juya ta gicciye. Robar nan ba ta ɗaukar nauyi. Aikinta tsayar da karabina kawai.

A watan Yulin 2013, wani yaro ɗan Italiya mai shekara 12, Tito Traversa, wanda ya riga ya yi suna a hawan hanyoyi masu wuyar gaske, ya faɗo a Orpierre ta Faransa, ya rasu bayan 'yan kwanaki a asibiti a Grenoble. Kwikdiron da ya hau da su ba nasa ba ne, kuma an haɗa da yawansu ba daidai ba: karabinar igiya ta bi ta cikin roba kaɗai, ba ta bi ta cikin madaurin ba. A ido kamar komai daidai. Da ya saki nauyinsa a kan igiya, robobin suka tsinke.

Saboda haka, ko sababbi ne daga kwali, ko aro ne daga aboki, ko haya ce daga mai kanti a bakin kwazazzabo, zauna ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ture robar gefe da yatsa, ka ga zaren madaurin kansa ya zagaye ƙarfen karabina. Kama karabina biyun ka ja da ƙarfi. Tabbatar roba tana ɓangaren igiya, ba ɓangaren ƙusa ba. Buɗe kowace ƙofa ka sake ta, ka ji ta rufe da kanta, ta shiga hanci daidai. Dubi ɗinkin, kada a samu zare a tsinke. Yawancin kamfanoni suna haɗa ƙofofin biyu suna duban gefe ɗaya, ka bar su haka. Buɗaɗɗen madauki mai santimita 60 kuwa, in aka sa masa roba, zare ɗaya na iya faɗawa cikin ƙofa ya bar karabina rataye da roba kaɗai ba tare da an lura ba. Shi ya sa ba a sa masa.

Karabinar sama da ta ƙasa ba sa musayar aiki. Kunnen ƙusa ƙarfe ne mai tauri, yana sassaƙar alminiyum ya bar ƙananan kaifi a cikin karabinar sama. In ka juya kwikdiro wata rana, kaifin nan ne zai riƙa cin rigar igiyarka. Kamfanoni da yawa suna ba karabina biyun launi daban saboda wannan, kuma yana da kyau ka zaɓi irin waɗannan.

Mataki na 7: atisaye a ƙasa

Rataya kwikdiro a taga ko a reshe daidai ƙirjinka, ka ɗaura igiya a ɗamara, ka yi ta saƙalawa har hannu ya haddace. Hannun dama ƙofa na duban dama, hannun dama ƙofa na duban hagu, sannan hannun hagu haka. Kurakurai uku ake gudu.

Na farko, saƙala igiya ta baya. Daidai shi ne igiyar da ta taso daga mai riƙo ta bi ta ɓangaren dutse, ta ratsa karabina, ta fito ta waje zuwa gare ka. In ta juye, ɓangarenka ya koma wajen dutse, to lokacin faɗuwa igiya na iya kwantawa a kan ƙofa ta danna ta, ta fice. Na biyu, ɗauko igiya daga ƙasan kwikdiron da ka wuce ka kai ta na sama. Wannan yana faruwa inda ƙusoshi suke kusa da juna, kuma za ka gane nan take don igiya za ta ƙi biyo ka. Maganinsa, kullum ka fara lalubo igiya daga ƙullin ɗamararka. Na uku, alƙiblar ƙofa: in hanya za ta karkata dama bayan ƙusa, ƙofa ta dubi hagu, don igiya ta kwanta a kan ƙashin baya.

Tsoro yana sa ɗan koyo ya miƙe iya tsawonsa ya saƙala ƙusa tun tana can sama da kai, ya jawo igiya mai yawa, wani har ya riƙe da haƙora. A ƙusa ta biyu da ta uku wannan ne ke kai mutum ƙasa in ya zame. Ka nemi mariƙi mai kyau, ka saƙala ƙusa tana tsakanin ƙugu da kafaɗa. In ta farko ta yi nisa da ƙasa, akwai sanda mai miƙewa da ake saƙala kwikdiro da igiya da ita tun kana tsaye, kuma madauri mai tauri da ƙofa mai kauri sun fi zama daram a bakinta.

A gindin dutse

Raba kwikdiro gida biyu, rabi a dama rabi a hagu, gajeru a gaba, dogaye a baya, duk rataye da karabinar sama. Ƙirga ƙusoshin da ido kafin ka tashi. Ƙulla ƙarshen igiya, domin igiya mai mita 60 ba ta sauko da mutum daga hanyar da ta wuce mita 30.

In ka kai sarƙa, kwikdiro biyu masu tsawo ɗaya za ka sa, ɗaya a kowace ƙusa, ƙofofin ƙasa suna duban gefe daban-daban, igiya ta bi ta duka biyun. In jama'a za su yi ta hawa da igiya daga sama, karabina masu kulle sun fi, kuma a kan kayanku ake yi, ba a kan zoben sarƙar wurin ba, don kada ku cinye ƙarfen da kowa ke amfani da shi. Kwance kaya daga sarƙa, musamman inda zobe rufaffe ne sai ka kwance ƙulli ka zura igiya, ba a koyonsa daga rubutu. Ka sa malami ko gogaggen mai hawa ya nuna maka a ƙasa, ka maimaita a gabansa. In hanya ta gagare ka a tsakiya, bar tsohuwar karabina a ƙusa ka sauko a kanta. Kada ka zura igiya kai tsaye a kunnen ƙusa mai kaifin gefe, kada kuma ka sauko da igiya tana gogar madauri, zafin gogayya narkar da shi yake yi.

A wasu hanyoyi za ka tarar da kwikdiro da aka bari a rataye. Kada ka amince da su sai ka shafa cikin karabinar ƙasa. Yadda igiyar guga ke cin itacen bakin rijiya har ta yi masa kwari, haka igiyar hawa mai ƙura ke cin alminiyum, kuma gefen kwarin yana iya yin kaifi. A 2012, a Magletsch ta Suwizalan, wani gogaggen jagoran tsaunuka ya rasu bayan irin wannan karabina ta datse igiyarsa a faɗuwa. Madaurin da rana ta ƙoɗe shi ya yi fari ya bushe, shi ma haka. Sa naka a gefensa ko ka canja hanya.

Naka ma za su ci wata rana. In kwarin ya kai zurfin milimita 1, ko ya yi kaifi, ko ƙofa ta daina rufewa da kanta bayan an wanke, karabinar ta gama aiki. Shimfiɗa leda ko tabarmar igiya a ƙasa yana rage ƙurar da ke jawo wannan, kuma Edelrid na da samfurin Bulletproof mai ɗan ƙarfe a daidai inda igiya ke gogawa. Bayan tafiya, wanke su da ruwa mai ɗumi da bai wuce digiri 30 ba da sabulu mara ƙarfi, musamman in kusa da teku ka hau, ka shanya a inuwa. Ajiye su a jaka nesa da rana, da batir, da man fetur, ba a bayan mota ko ɗakin janareta ba. Ƙarfe ba shi da wa'adi muddin lafiyarsa ƙalau, amma madauri yana da shi: kamfanoni irin Petzl sun sa shekara 10 daga ranar ƙira a matsayin iyaka, ko da ba a taɓa amfani da shi ba, kuma mai hawa kowane mako ba zai kai ko kusa da haka ba. Shekarar ƙira tana jikin ɗan ƙyallen. Ana sayar da madauri shi kaɗai, don haka in ya tsufa sai ka canja shi ka riƙe karabinarka, ta ƙusa ta koma sama, ta igiya ta koma ƙasa, sannan ka sake ture kowace roba ka ga zare ya zagaye ƙarfe.